Ranald MacDonald: Ɗaurarren da ya koya wa Japanawa Turanci

A ranar 27 ga watan Yuni na shekarar 1848, wani matashi ɗan shekara 24 ya sauka daga wani jirgin ruwan Amurka mai suna Plymouth a tsakiyar teku, daura da gaɓar arewacin Japan. Ya shiga ɗan ƙaramin kwale-kwale shi kaɗai, da guzurin 'yan kwanaki da akwatin littattafai, ya doshi ƙasar da ta shafe sama da shekara 200 ƙofofinta na rufe. Abokan aikinsa na jirgin sun yi masa kallon wanda ya sa ƙafa a kabari, domin abin da matuƙan jiragen ruwa suka yi imani da shi a wancan zamani shi ne duk baƙon da ya taka ƙasar Japan ba da izini ba, ɗauri ne makomarsa ko kisa. Sunan matashin Ranald MacDonald, kuma shi ne mutum na farko da ya tashi da Turanci a bakinsa da ya koyar da harshen a ƙasar Japan.

An haifi Ranald MacDonald ranar 3 ga watan Fabrairu na 1824 a sansanin ciniki na Astoria, wanda a lokacin ake kira Fort George, a bakin kogin Columbia da ke cikin jihar Oregon ta Amurka a yau. Mahaifinsa, Archibald McDonald, mutumin Skotland ne, ma'aikacin kamfanin Hudson's Bay na Birtaniya mai fataucin fatun namun daji. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Comcomly ce, babban sarkin ƙabilar Chinook, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na wannan yanki, wanda ragamar ciniki a bakin kogin ke hannunsa. Ta rasu ba da jimawa ba bayan haihuwarsa. Matar da mahaifinsa ya aura daga baya, Jane Klyne, ita ta rene shi tare da 'ya'yanta.

Yaron ya girma yana bin mahaifinsa daga wannan sansani zuwa wancan. Ya fara karatu a sansanin Vancouver, daga bisani aka tura shi makarantar kwana ta Red River, a yankin da birnin Winnipeg na Kanada yake a yanzu. Da ya kammala, mahaifinsa ya samar masa aikin akawu a wani banki a garin St. Thomas na lardin Ontario, da fatan ya zama mutumin ofis mai rufin asiri. Amma zaman teburi da lissafin kuɗin mutane bai kwanta masa a rai ba. Ban da haka, a cikin al'ummar Turawan gabas ya fara fahimtar yadda ake kallon ɗan ruwa biyu irinsa. A farkon shekarun 1840 ya ajiye aikin, ya shiga uwa duniya a matsayin ma'aikacin jirgin ruwa.

Sha'awar Japan ta shiga zuciyarsa ne ta dalilin wani abin da ya faru a ƙasar haihuwarsa. A 1832 guguwa ta karya wani jirgin dakon kaya na Japan, ruwa ya yi ta yawo da shi a tekun Pasifik har kimanin wata 14, kafin ya jefa shi gaɓar arewa maso yammacin Amurka a 1834. Daga cikin mutum 14 da ke ciki, uku ne suka rayu. Kamfanin Hudson's Bay ya karɓo su daga hannun ƙabilar Makah, ya kai su sansanin Vancouver, sannan aka tura su London, daga can zuwa Makau. A 1837 wani jirgin 'yan kasuwar Amurka mai suna Morrison ya yi yunƙurin mayar da su gida, amma mahukuntan Japan suka tarbe shi da harbin igwa, ya juya da su ba su taka ƙasarsu ba. Wannan labari ya bazu a sansanonin kamfanin, ya kuma zauna a ran MacDonald. Kazalika ya ɗauka cewa akwai dangantakar jini tsakanin dangin mahaifiyarsa da Japanawa, saboda kamannin da yake gani tsakaninsu. Tunaninsa shi ne idan ya shiga ƙasar ya koyi harshenta, ya koyar da nasa, to ranar da za a buɗe ta ga ciniki zai zama tafinta mai daraja a tsakanin ɓangarorin biyu.

Domin a fahimci girman kasadar, wajibi ne a dubi halin da Japan ke ciki. Tun daga shekarun 1630 gwamnatin sojan gidan Tokugawa, wadda shugabanta ake kira Shogun, ta hana Japanawa fita ƙetare, ta hana waɗanda suka fita komowa, ta kuma haramta addinin Kirista. A 1639 ta kori 'yan Fotugal. Daga cikin Turawa, mutanen Holan kaɗai aka bari su yi ciniki, su ma tun daga 1641 aka killace su a wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu a tashar Nagasaki, mai suna Dejima. Sakamakon haka harshen Holan ya zama tagar da Japan ke leƙen ilmin ƙasashen yamma ta cikinta, kuma aikin tafinta ya zama gado a hannun wasu gidaje na Nagasaki, ɗa na karɓa daga uba.

Buƙatar Turanci ta taso ne da ƙarfin tsiya. A 1808 wani jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Phaeton ya shiga tashar Nagasaki ɗauke da tutar Holan, ya kama jami'an Holan biyu, ya tilasta a ba shi ruwa da abinci, ya fice ba wanda ya iya taɓa shi. Gwamnan birnin ya kashe kansa saboda abin kunyar. A shekara mai zuwa gwamnati ta umarci tafintoci su koyi Turanci. Malaminsu wani jami'in Holan ne, Jan Cock Blomhoff, kuma a 1814 suka tsara ƙamus na farko na Turanci zuwa Japananci. Sai dai Turancin littafi ne, da lafazin mutanen Holan, kuma shekaru suka shuɗe babu wanda ya ji yadda masu harshen ke furta shi. A 1825 aka ba da umarnin a harbi duk jirgin baƙi da ya kusanto gaɓa. An sassauta wannan doka a 1842, bayan labarin yadda Birtaniya ta murƙushe ƙasar Sin a yaƙin da aka yi kan cinikin ofiyom ya iso Edo, babban birnin da a yau ake kira Tokyo.

A daidai wannan lokaci jiragen Amurka masu farautar babban kifin nan na teku da ake kira wel sun cika ruwayen da ke kewaye da Japan, domin da man kifin ake kunna fitilu a biranen Amurka da Turai. MacDonald ya ga hanyarsa a nan. A ƙarshen 1845 ya shiga jirgin Plymouth daga tashar Sag Harbor ta jihar New York. Bayan fiye da shekara biyu ana farauta, jirgin ya cika da mai yana shirin komawa gida, sai ya nemi kyaftin ɗin ya ba shi kwale-kwale da guzuri a madadin rabonsa na ribar tafiyar. Kyaftin ɗin ya amince ba da son ransa ba.

Da farko ya sauka a tsibirin Yagishiri, ya yi 'yan kwanaki yana gwada dabararsa, wato kifar da kwale-kwalen da gangan da sake miƙar da shi. A farkon watan Yuli ya isa kusa da tsibirin Rishiri, a arewa maso yammacin Hokkaido, ya kifar da kwale-kwalen domin ya zama tamkar wanda hatsarin teku ya rutsa da shi, tun da ya san an fi tausaya wa irin waɗannan. Mutanen Ainu, 'yan asalin arewacin Japan, su suka fara ganinsa, suka fito da shi gaɓa, suka miƙa shi ga jami'an Japan da ke tsibirin. A can teku kuma wani jirgi ya tsinci sitiyarin kwale-kwalensa yana yawo a ruwa, labari ya bazu cewa ya halaka.

Daga Rishiri aka kai shi Soya, daga nan zuwa Matsumae, hedkwatar mahukuntan arewa, ko'ina ana yi masa tambayoyi ana rubutawa, ana ƙidaya kayansa ɗaya bayan ɗaya. A duk tsawon tafiyar bai zauna haka kawai ba. Yana nuna abu ya tambayi masu gadinsa sunansa da Japananci, shi kuma ya faɗa musu da Turanci, yana rubuta kalmomin a ɓoye, domin doka ba ta yarda baƙo ya koyi harshen ƙasar ba. A watan Oktoba na 1848 jirgi ya sauke shi a Nagasaki.

Kafin a gurfanar da shi gaban gwamna, an bukaci ya taka wani faranti na ƙarfe mai ɗauke da hoton addinin Kirista, al'adar da mahukunta suka daɗe suna amfani da ita wajen gano mabiya ɗarikar Katolika. MacDonald, wanda ya tashi a ɗarikar Furotesta, ya taka ba tare da gardama ba. Wanda ya yi masa tafinta a ranar wani matashi ne daga gidan tafintoci, Moriyama Einosuke, wanda ya girme shi da shekara huɗu kacal, gwani a harshen Holan, mai ɗan abin da ya tsinta na Turanci. An yanke hukuncin a tsare baƙon har a samu jirgin da zai fitar da shi daga ƙasar. Aka kai shi wani ɗan ɗaki da aka kange da sanduna a wani ƙaramin wurin ibada mai suna Daihian.

Wannan ɗaki shi ya zama aji. Mahukunta sun lura cewa fursunan nasu mai ilmi ne, mai ladabi, kuma bai taɓa yunƙurin gudu ba, saboda haka suka tura masa tafintoci 14 su riƙa ɗaukar darasi. Ɗaliban kan zauna a waje da sandunan, malamin yana ciki. Ɗaya bayan ɗaya kowa zai karanta Turanci da babbar murya, shi kuma ya gyara masa lafazi, ya bayyana ma'ana da tsarin jimla gwargwadon ɗan Japanancin da ya tara. Suna da ƙamus na Holanci da Turanci da suke komawa gare shi idan magana ta cije. A rubutun da ya bari, MacDonald ya yaba da kaifin basirarsu, musamman yadda suke saurin kama nahawu. Abin da ya fi ba su wahala shi ne furuci. Harafin L ya gagare su, sukan mayar da shi R, kuma sukan ƙara wasali a ƙarshen kalmar da ta ƙare da baƙi, domin haka tsarin harshensu yake. Bahaushen da ya san yadda bucket ta zama bokiti a bakin mutanensa ba zai yi mamakin wannan ba.

Moriyama ne ya fi kowa zuwa, ya kuma fi kowa ci gaba. Yakan zo da tambayoyi kan kalmomi, kan ƙasashen duniya, kan yadda ake mulki a Amurka da Birtaniya, wasu don kansa, wasu kuma bisa ga dukkan alamu a madadin shugabanninsa. An kula da MacDonald da kyau, ana ba shi abinci da tufafi, aka mayar masa da Littafi Mai Tsarki daga cikin kayansa, kuma shugaban 'yan kasuwar Holan na Dejima, Joseph Levyssohn, kan aika masa da ɗan abin marmari. Duk da haka ɗaurarre ne, bai ga birnin Nagasaki ba sai abin da idonsa ya hango a hanya.

A wani gefen birnin kuma akwai wasu fursunonin da labarinsu ya sha bamban da nasa. Ma'aikata 15 ne na wani jirgin farautar wel mai suna Lagoda, waɗanda suka gudu daga jirginsu suka sauka a arewacin Japan a wannan shekarar. Sun yi ta yunƙurin tserewa, mahukunta suka tsananta musu, biyu daga cikinsu suka mutu a tsare. Ta hannun mutanen Holan labarinsu ya kai ga jami'an Amurka da ke gaɓar ƙasar Sin, aka turo jirgin yaƙi mai suna Preble ƙarƙashin kwamanda James Glynn. Jirgin ya iso Nagasaki a watan Afrilu na 1849. Glynn ya yi tsayin daka, ya ƙi yarda da jan ƙafar jami'an tashar, kafin ƙarshen watan aka miƙa masa mutanen Lagoda tare da MacDonald. Ajin ya watse bayan kimanin wata bakwai, kuma zaman malamin a Japan gaba ɗaya bai wuce wata goma ba. Bai sake ganin ƙasar ba har ƙarshen ransa.

A cikin jirgin Preble ya ba da bayani a rubuce kan abin da ya gani, wanda daga baya ya shiga takardun majalisar dokokin Amurka. Ya bayyana Japanawa a matsayin al'umma mai bin doka da oda, mai wayewa da tsari. Glynn kuwa ya koma gida ya shawarci gwamnatinsa ta nemi yarjejeniya da Japan, tare da nuna ƙarfin soja idan ta kama. A watan Yuli na 1853 Kwamanda Matthew Perry ya shiga mashigin Edo da jiragen yaƙi huɗu, ya miƙa wasiƙar shugaban Amurka Millard Fillmore, ya yi alkawarin dawowa karɓar amsa.

Da ya dawo a 1854, babban tafintan da gwamnatin Shogun ta kira daga Nagasaki shi ne Moriyama Einosuke. An gudanar da shawarwarin ne galibi ta harshen Holan, amma Amurkawa sun yi mamakin samun jami'in Japan da ke magana da su da Turanci, har yana tambayar labarin tsohon malaminsa. Ranar 31 ga watan Maris na 1854 aka sa hannu kan yarjejeniyar Kanagawa, wadda ta buɗe tashoshin Shimoda da Hakodate ga jiragen Amurka, ta kuma wajabta kyautata wa waɗanda hatsarin teku ya jefa gaɓar Japan. Moriyama ya ci gaba da zama a tsakiyar harkokin diplomasiyyar ƙasarsa. Shi ya yi tafinta a shawarwarin da aka yi da jakadan Amurka Townsend Harris, waɗanda suka haifar da yarjejeniyar ciniki ta 1858, ya kuma shiga tawagar da Japan ta tura Turai a 1862. Ya buɗe makarantar Turanci a gidansa a Edo, kuma cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa akwai Fukuchi Gen'ichiro, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan jaridar Japan. Ta wannan hanya darasin da aka bayar ta tsakanin sanduna ya isa ga mutanen da suka gina sabuwar Japan bayan faɗuwar gwamnatin Shogun a 1868.

Shi kuwa MacDonald bai ci moriyar ko ɗaya daga cikin wannan ba. Matsayin tafinta da ya sayar da ransa dominsa ya wuce shi, domin lokacin da aka buɗe Japan yana can wata duniyar. Ya koma aikin jirgin ruwa, ya je haƙar zinariya a Ostireliya, ya zaga ta Turai, ya komo Kanada a 1853 ya tarar mahaifinsa ya rasu a farkon shekarar. Daga baya ya nufi lardin British Columbia, inda ya yi sana'ar dakon kaya zuwa filayen zinariya na Cariboo, ya kuma shiga ayarin da ya binciki cikin tsibirin Vancouver a 1864. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kawo masa arziki.

A shekarunsa na ƙarshe ya zauna a wata 'yar gona kusa da tsohon sansanin Colvile a jihar Washington, inda mahaifinsa ya taɓa shugabanta. Babban burinsa a lokacin shi ne ya ga an buga littafin tarihin tafiyarsa, wanda wani abokin gidansu, lauya Malcolm McLeod, ya taimaka masa wajen tsarawa. An yi ta kai rubutun wurin masu buga littattafai ba a dace ba. Ya rasu cikin talauci a watan Agusta na 1894, yana da shekara 70, a wurin 'yar ɗan'uwansa a Toroda, kusa da iyakar Kanada. Bisa abin da danginsa suka ruwaito, da kalmar ban-kwana ta Japananci ya yi sallama da ita.

Sai a 1923, shekara 29 bayan rasuwarsa, wata ƙungiyar tarihi ta gabashin jihar Washington ta buga littafin, ƙarƙashin kulawar William Lewis da masanin Japan Naojiro Murakami. A cikinsa akwai jerin kalmomin Japananci da ya tattara a ɓoye, da lafazin arewa da na Nagasaki kamar yadda kunnensa ya ji su. Binciken da aka yi a takardun mahukuntan Japan ya tabbatar da yawancin abin da ya faɗa, har da sunayen ɗalibansa. An kafa duwatsun tunawa da shi a Astoria, da Rishiri, da Nagasaki, kuma hukumar jihar Washington ce ke kula da kabarinsa.

A 1987 gwamnatin Japan ta ƙaddamar da shirin JET, wanda ke gayyatar matasan da suka gama jami'a a ƙasashen waje su zo su taimaka wajen koyar da Turanci a makarantun ƙasar na shekara ɗaya ko fiye. A shekarar farko mutum 848 suka zo daga Amurka da Birtaniya da Ostireliya da New Zealand, kuma tun daga lokacin dubun dubata sun bi sahu, wasunsu zuwa ƙauyuka da tsibiran da ba kasafai ake ganin baƙo ba. Waɗannan matasa kan iso da biza da albashi da gidan kwana, aikinsu kuwa a aji bai yi nisa da wanda MacDonald ya yi ba a 1848, wato ɗalibi ya karanta da babbar murya, malami ya gyara masa lafazi.